Alan Turing: Bahagon Ma'aikacin Da Ya Share Wa Ƙirƙirarriyar Basira Hanya

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, da wuya ka shiga wani zaure na masu ilimi ba ka tarar ana cacar baki a kan ƙirƙirarriyar basira ba. Wasu na cewa za ta raba mutane da abincinsu, wasu na cewa za ta mai da matasa cima-zaune. Mu malaman jami'a kuwa, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗalibin da zai miƙo maka aikin da na'ura ta rubuta masa. Duk akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika taɓo shi ba, wato amfanin da wannan fasaha take yi wa wasu bayin Allah da ƙwaƙwalwarsu ke aiki a bisa wani tsari dabam da na akasarin jama'a, mutanen da sau da yawa aiki bai gagare su ba, zaman ofis ne ya gagare su. A ganina babu ƙofar da ta fi dacewa a shiga wannan batu kamar rayuwar mutumin da ya aza harsashin fasahar, domin shi kansa irin wannan ma'aikaci ne. Sunansa Alan Turing, Baturen Ingila, masanin lissafi, wanda ya bar duniya fiye da shekara 70 da suka wuce.

An haife shi ran 23 ga Yuni, 1912, a birnin Landan. Mahaifinsa, Julius Turing, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Indiya, a yankin Madaras. Kamar yadda Turawan mulki suka saba, iyayen sun bar shi da yayansa John a Ingila, a hannun wani tsohon kanar na soja da matarsa, ba sa ganin 'ya'yan nasu sai sun zo hutu. Wato ɗan riƙo ne tun yana ƙarami. A 1926, yana ɗan shekara 13, aka sa shi makarantar kwana ta Sherborne. Ranar komawa makaranta ta zo daidai da yajin aikin gama-gari da ya tsai da jiragen ƙasa a duk faɗin Birtaniya, sai yaron ya hau kekensa daga Southampton, ya yi tafiyar kusan mil 60, ya kwana a hanya, ya isa makaranta. Wannan ya burge mutane, amma burgewar ba ta daɗe ba. Makarantar ta fi ba da ƙarfi a kan Latin da Girkanci da tarbiyyar shugabanci, shi kuwa hankalinsa na kan lissafi da harhaɗa sinadarai. Malamai sun yi ta kuka da rubutunsa mai kama da tsakurar kaji, da ƙazantar littattafansa, da yadda yakan tsallake matakai ya faɗa kan amsa. Shugaban makarantar har ya rubuta wa iyayensa cewa in dai kimiyya kaɗai yaron zai sa a gaba, to zamansa a irin wannan makaranta ɓata lokaci ne. Mutum ɗaya ne ya fahimce shi a wancan lokaci, wani ɗalibi mai suna Christopher Morcom, wanda su biyun suke tattauna taurari da lissafi. A Fabrairun 1930 tarin fuka ya kashe Morcom. Masu tarihin Turing sun nuna cewa daga wannan rashi ne ya fara zurfafa tunani a kan mene ne hankali, da yadda yake da alaƙa da gangar jiki.

Ya shiga Kwalejin King's ta Jami'ar Kambirij a 1931, kuma a 1935, yana da shekara 22, aka zaɓe shi cikin malaman kwalejin. A shekara ta gaba ya rubuta maƙalar da ta ɗaukaka sunansa. Babban masanin lissafin nan na Jamus, David Hilbert, ya bar wata tambaya: shin akwai tabbatacciyar hanya, mataki bayan mataki, da za a bi a gane ko kowace magana ta lissafi tana da hujja ko ba ta da ita? Domin ya amsa, sai Turing ya ƙaga wata na'ura a zuci. Doguwar takarda ce mai gida-gida, da wani kai da ke karanta alamar da ke cikin gida guda, ya goge ko ya rubuta wata, ya matsa dama ko hagu, duk bisa jerin ƙa'idojin da aka ba shi. Ya nuna cewa akwai tambayoyin da irin wannan na'ura ba za ta taɓa warwarewa ba, don haka amsar Hilbert ita ce a'a. Amma a kan hanyar zuwa wannan amsa ya gano abin da ya fi amsar girma, cewa na'ura guda tana iya kwaikwayon aikin duk sauran, muddin an rubuta mata ƙa'idojinsu a takardarta. Mai karatu, wayar da ke aljihunka, wadda ita ce rediyonka, ita ce agogonka, ita ce bankinka, jikanyar wannan tunani ce. Daga nan ya tafi Jami'ar Princeton a Amurka, ya sami digirin dakta a 1938 a ƙarƙashin Alonzo Church, ya dawo gida.

Ran 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Jamus, Turing ya kama aiki a Bletchley Park, gidan da gwamnati ta tara masu fasa saƙonnin sirri. Sojojin Hitila suna juya saƙonninsu da wata na'ura mai suna Enigma, mai kama da tafireta, wadda hanyoyin saita ta sun haura miliyan sau miliyan sau miliyan 150, kuma kullum sai an sake saiti. Adalci ne a faɗi cewa masanan Polan, musamman Marian Rejewski, su suka fara fasa ta tun 1932, suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka sani a Yulin 1939. Turing ya ɗora a kai. Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, raunin da ya kama na harshe ne da ɗabi'ar ɗan Adam. Na'urar ba ta taɓa mai da harafi ya zama kansa, sannan sojan Jamus mutum ne mai bin al'ada: rahoton yanayi na zuwa a kan lokaci da kalmomi iri ɗaya, kalmar ɗaya ta Jamusanci tana yawan fitowa. In ka yi hasashen 'yan kalmomin da ke cikin saƙo, ka jera su a ƙarƙashin rubutun sirrin, duk inda harafi ya haɗu da ɗan'uwansa ka san ba nan ba ne. A kan wannan ya zana na'urar Bombe, wadda Gordon Welchman ya inganta, ta fara aiki a 1940, kuma kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 200. Shi ne ya shugabanci ɗakin katako mai lamba 8, inda ake fama da saƙonnin rundunar ruwa, waɗanda suka fi wuya, a daidai lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci da mai. Masanin tarihi Harry Hinsley, wanda shi ma ya yi aiki a can, ya kiyasta cewa aikin gidan ya rage tsawon yaƙin da aƙalla shekara 2.

To amma wane irin abokin aiki ne? A nan labarai suka yi yawa. Kofin shayinsa yakan ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin bututun ɗumama ɗaki don kada a ɗauke. In lokacin furanni ya zo, ƙurarsu na sa shi atishawa, sai ya rufe fuska da takunkumin kariya daga iska mai guba, ya hau keke ya ratsa gari, ko a jikinsa. Sarƙar keken nasa tana yawan zamewa. Maimakon ya kai wa mai gyara, sai ya ƙirga yawan juyin feda da take yi kafin ta faɗi, in lokaci ya yi ya sauka ya daidaita ta da hannu. Maganarsa na sarƙewa, ba ya son kallon mutum ido cikin ido, tufafinsa a yamutse, hirar banza kuwa ba ta cikin tsarinsa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na rundunar sa-kai ta tsaron gida. Ya shiga ne don ya koyi harbi. A fom ɗin shiga akwai tambayar ko ya fahimci cewa daga yanzu dokar soja ta hau kansa. Kowa yakan rubuta e ba tare da ya karanta ba, shi kuwa ya ga ba shi da wata riba a cikin hakan, ya rubuta a'a. Da ya ƙware a harbi sai ya daina zuwa fareti. Kwamanda ya kira shi zai hukunta shi, shi kuma ya ce a ɗauko fom ɗinsa a duba. Aka duba, aka ga lallai ba a taɓa shigar da shi bisa ƙa'ida ba, dole aka sallame shi.

Irin waɗannan labarai ne suka sa a 2003 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na ƙasar Ayalan, Henry O'Connell da Michael Fitzgerald, suka wallafa maƙala suna cewa siffofinsa sun dace da nau'in otizim da ake dangantawa da Hans Asperger. Ni dai ina ɗari-ɗari da duba marar lafiyar da ya riga ya shiga kabari. Babu likitan da ya auna shi a kan haka yana raye. Leo Kanner ya bayyana otizim a 1943, Asperger a 1944, amma sai a 1981 Lorna Wing ta yaɗa aikin Asperger a tsakanin masu jin Ingilishi. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2014 ya zuzuta abin, ya nuna shi murɗaɗɗen mutum mai girman kai wanda ba ya gane barkwanci, alhali waɗanda suka yi aiki da shi sun ce yana da raha, yana son yara, yana da haƙuri da ƙananan ma'aikata, har laƙabin farfesa suka sa masa don ƙauna. Saboda haka ba sunan wata larura nake son liƙa masa ba. Abin da ba a musu a kansa ya ishe ni: mutum ne da yake ɗaukar magana a kan zahirinta, wanda rubutu da takardun ofis da siyasar shugabanni suke ba shi wahala, kuma wanda aikinsa ya yi kyau ko ya lalace gwargwadon yadda wurin aikin ya karɓe shi.

A Bletchley an karɓe shi, domin yaƙi ya sa an daina duba wuyan riga. Kuma an yi masa wani abu da ya kamata a lura da shi. Hugh Alexander, zakaran wasan dara na Turawa, ya ɗauke masa gudanar da sashen: jadawalin aiki, rubuta takardu, lallashin manya. A hankali shugabancin ya koma hannun Alexander, Turing bai damu ba, ya ci gaba da tunaninsa. Ko wasiƙar da suka aika wa Firayim Minista Winston Churchill a Oktoban 1941, suna kukan ƙarancin akawuna da masu buga tafireta, su huɗu suka sa hannu, Stuart Milner-Barry ne ya kai ta da kansa, kuma nan take Churchill ya ba da umurnin a ba su duk abin da suke so. Wato Turing yana da masu tsaya masa a tsakaninsa da duniyar ofis.

Bayan yaƙi ya rasa su. A 1945 ya koma Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa da ke Teddington, inda a farkon 1946 ya gabatar da cikakken zanen kwamfuta mai suna ACE. Nan ya haɗu da kwamiti bayan kwamiti, da jan ƙafa, da sassan da ba sa ga maciji da juna. Ga shi dokar sirri ta hana shi faɗin abin da ya gani ya yi aiki a lokacin yaƙi, ga shi bai iya zaman lallashi ba. Takaicinsa yakan huce shi ne a guje-guje. A 1947 ya yi tseren dogon zango na mil 26 cikin awa 2 da minti 46. A 1948 ya miƙa rahoto a kan na'urori masu basira, inda ya zana wasu ƙananan ƙwayoyi masu haɗe da juna kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda za a iya horarwa su koyi aiki. Shugaban cibiyar, Sir Charles Darwin, jikan mai wancan suna, ya ga abin kamar rubutun ɗan makaranta, bai cancanci bugawa ba. Rahoton ya kwanta a fayil sai ƙarshen shekarun 1960. Wannan tunani da aka raina shi ne ginshiƙin manhajojin da ake ta surutu a kansu yau. Turing ya tattara nasa ya nasa ya koma Jami'ar Mancesta, ƙaramin samfurin ACE kuwa sai a Mayun 1950 ya fara aiki, ba ya nan.

A Mancesta ne, a 1950, ya buga maƙalarsa a mujallar falsafa mai suna Mind. Maimakon a tsaya gardamar ko na'ura tana tunani, ya kawo wasan kwaikwayo: a sa mutum a ɗaki ɗaya, na'ura a wani, alƙali ya riƙa yi musu tambayoyi ba ya ganinsu, a ƙarshe ya faɗi wane ne mutum. Ya yi hasashen cewa cikin kamar shekara 50, bayan hirar minti 5, damar da alƙali zai samu ta canka daidai ba za ta wuce kashi 70 cikin 100 ba. Ya kuma ba da shawarar a gina na'ura kamar jariri a koya mata, maimakon a cusa mata ilimin babba. Sharaɗi ɗaya na wasan shi nake so mai karatu ya riƙe: duk hirar a rubuce za a yi ta, domin kada murya da fuska su shiga cikin hukunci. Mutumin da aka sha yi wa hukunci da sarƙewar harshensa da kaucewar idonsa, da ya zo tsara jarrabawar hankali, sai ya sa labule.

Bari in ɗan ratse zuwa fagena. Masanin falsafar harshe Paul Grice ya nuna a 1975 cewa yawancin abin da muke nufi ba ya cikin kalmomin da muke furtawa, mai sauraro ne yake cike gurbin. In shugaba ya ce wa ma'aikaci ya duba wani fayil in ya sami sarari, kowa ya san yanzu ake nufi. Mu da muka tashi a cikin habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda mun fi kowa sanin haka. Ga mai otizim, wannan cike gurbi aiki ne mai cin ƙarfi, kamar wanda yake fassara a ransa daga safe har yamma, ga kuma ƙoƙarin ɓoye halinsa don ya yi kama da kowa. Damian Milton, masani ne kuma shi kansa mai otizim, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda shi bai karanta mu ba, haka mu ma ba mu karanta shi ba, sai dai mu ne masu rinjaye, don haka laifin yake komawa kansa. Sakamakon a bayyane yake. Rahoton da Robert Buckland ya jagoranta wa gwamnatin Birtaniya a 2024 ya nuna cewa kusan 3 cikin 10 ne kawai na masu otizim da suka isa aiki suke da aikin yi.

A nan ne jikokin na'urar Turing suke yin aikin da Hugh Alexander ya yi masa. Mai disleksiya, wanda haruffa ke rikice masa, yana iya faɗa da baki na'ura ta rubuta, ta gyara masa ƙa'idar rubutu, ta kuma karanta masa dogon rahoto a kunne. Wanda hankalinsa ke saurin watsewa, manhajojin taro irin su Teams da Zoom suna rubuta masa abin da aka faɗa, su tsamo masa abin da aka ɗora masa da ranar da ake so. Wanda babban aiki ke tsaya masa kamar dutse ya rasa ta inda zai fara, akwai Goblin Tools, da aka yi musamman don irinsa, mai farfasa aiki zuwa ƙananan matakai. Wanda ya karɓi saƙon imel daga shugaba ya kasa gane ko faɗa ne ko wasa, yana iya tambayar na'ura sau goma, ba ta gajiya, ba ta kai gulmarsa. Kafin ya aika amsa kuma ta gaya masa ko kalmominsa sun yi kaushi. Da Ma'aikatar Kasuwanci ta Birtaniya ta gwada Copilot na kamfanin Microsoft a ƙarshen 2024, rahotonta bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa aiki ya ƙaru gaba ɗaya ba, amma ya nuna cewa ma'aikata masu irin wannan bambanci sun fi sauran gamsuwa da shi. Na taɓa koyar da wani ɗalibi da in ya buɗe baki a aji sai ka rantse malami ne, in ya kama biro sai ka ce bai taɓa shiga aji ba. Da wannan kayan aiki ya riske shi, da ba a yi masa kallon malalaci ba.

Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta. Ita wannan fasaha ce wasu kamfanoni suka sa a ƙofar ɗaukar aiki. Kamfanin HireVue na Amurka ya yi shekaru yana sayar da manhajar da ke nazarin fuskar mai neman aiki a bidiyo, sai a farkon 2021 ya sanar da daina wannan ɓangare bayan suka ta yi yawa. A 2024 masu bincike a Jami'ar Washington sun ba GPT-4 takardun neman aiki iri ɗaya, suka ƙara wa wasu lambobin yabo masu nuna cewa mai takardar na da wata larura; na'urar ta riƙa mai da waɗannan baya, kuma masu ambaton otizim suka fi shan ƙasa. Dalili ba boyayye ba ne, na'ura daga rubutunmu ta koya, da son zuciyarmu a ciki. Tarayyar Turai ta haramta amfani da na'urar karanta motsin rai a wuraren aiki daga Fabrairun 2025, in ban da dalilin lafiya ko kariya. Ka ga an yaye labulen da Turing ya sa, an mai da fuska da murya su ne jarrabawa. Ina da yaƙinin cewa da shi kansa za a zaunar a gaban irin wannan kyamara, da an tankaɗe shi tun a zagayen farko. Akwai kuma wani abin da ke damuna: in kullum mai otizim ne zai riƙa wanke maganarsa a na'ura don ta yi mana daɗi, mu ba mu matsa ko taku ɗaya ba, to nauyin yana nan inda yake. Ga batun sirri, domin wanda ya zuba wa manhajar ofis damuwarsa bai san wa zai karanta ba.

Mu a nan tsugune ba ta ƙare ba, don ko sunan abin ba mu daidaita ba. Kafafen watsa labarai sukan ce galahanga, kalmar da jama'a ke jibga wa larurori dabam-dabam, a gida kuwa sai a ce yaro dolo ne, ko bahago, ko a ɗora wa iska. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma wanda larurarsa ba ta ganuwa da ido da wuya a tuna da shi. Su kuma manhajojin, ƙarfinsu a Ingilishi yake. Wadda ba ta rarrabe ƙ da k ba, ba ta jin karin sauti, yaya za ta gane habaicin shugaba? Wannan aiki ne da ke jiran sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu.

A 1951 aka zaɓi Turing ɗan Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarauta, ya kuma juya ga wani sabon fage, yana neman lissafin da ke bayan zanen jikin dabbobi da tsarin ganyen tsirrai, abin da ya buga a 1952. A Janairun wannan shekara ɓarawo ya shiga gidansa a Wilmslow. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, a cikin bincike ya faɗa musu, har ya rubuta da hannunsa shafi 5, cewa akwai mu'amala tsakaninsa da wani saurayi wanda ya san ɓarawon. Dokar Ingila ta lokacin ta haramta irin wannan mu'amala tsakanin maza, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. A ƙarshen Maris kotu ta ba shi zaɓi, gaba kura baya sayaki: kurkuku, ko allurar sinadarin mata ta shekara guda. Ya zaɓi allura don kada aikinsa ya tsaya. Ta sauya masa jiki, aka kuma janye masa izinin ganin bayanan sirri, ƙasar da ya taimaka ya ceta ta koma yi masa kallon abin tsoro. Ran 8 ga Yuni, 1954, mai yi masa aikin gida ta tarar da gawarsa a kan gado, da ragowar tuffa a gefe. Ya mutu tun jiya, saura kwana 16 ya cika shekara 42. Bincike ya nuna gubar sayanayid ce, aka yanke cewa shi ya kashe kansa, ko da yake ba a auna tuffar ba. Mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa haɗari ne daga gwaje-gwajen sinadarai da yakan yi a gida, kuma masani Jack Copeland ya nuna cewa hujjojin ba su rufe wannan ƙofa ba.

Bai ji ko sunan da aka raɗa wa fagen nasa ba, domin John McCarthy ya ƙaga shi ne a 1955, gabanin taron Dartmouth na 1956. Sauran duk ihu ne bayan hari. An sa sunansa a babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta a 1966. Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafara a madadin gwamnati a 2009, Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, kuma ran 23 ga Yuni, 2021, aka fitar da takardar fam 50 mai ɗauke da hotonsa. Hukumar GCHQ, magajiyar Bletchley, ta fito fili a 'yan shekarun nan ta ce tana neman masu disleksiya da ire-irensu da gangan, saboda iya hango tsari a cikin tarin bayanai. Mahaifiyarsa, Sara Turing, ta rubuta tarihinsa a 1959, amma shekarun yaƙi ta ratsa su a gurguje, domin ba a gaya mata abin da ɗanta ya yi ba. Sai a 1974 asirin Bletchley ya fara fitowa fili, ita kuma ta mutu a 1976 tana da shekara 94.